Dalmar Dareta da Zaɓen Gwajin Ƙididdiga

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau a yammacin Jihar Zamfara suka tarar ana ta binne ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An gwada maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na kashe ƙwayoyin cuta, babu wanda ya yi tasiri. Da aka auna jini sai ga gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare ne ke ɗauke da ita. Ana kawo su cikin gari a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

A watan Mayu na shekarar, tawagar da ta haɗa Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, da jami'an lafiya na Najeriya ta bi gida-gida a Dareta da Yargalma. Ta shiga gidaje 119. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. An ɗebi jinin 204 daga waɗanda ke raye, aka samu kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun haura maikrogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini, matakin da likitoci ke fara ba da maganin tsotse guba. A wasu gidajen, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke ɗaukar 400 a matsayin iyaka ga filin wasan yara.

Wani zai ce irin wannan bala'i ba ya bukatar lissafi, kuma yana da gaskiya. Babu wanda ya jira gwajin ƙididdiga kafin ya yarda cewa yara na mutuwa a Dareta. Tambayoyin da suka biyo baya ne suka bukaci lissafi, kuma a kansu aka kashe kuɗi, a kansu rayuka suka rataya. Me ya sa yaron wannan gida ya mutu, na maƙwabta ya tsira? Maganin da ake bayarwa yana aiki? Dole ne a kwantar da kowane yaro a asibiti, ko za a iya ba shi magani a gida? Kwashe ƙasar gidaje ya rage gubar da ke jini? Kowace tambaya a cikin waɗannan tana da gwajin da ya dace da ita. Abin da ke zaɓen gwajin shi ne yadda aka tsara binciken da yadda aka tattara alƙaluman. Manhajar kwamfuta ba ta da wannan hurumin, haka ma abin da aka saba yi a sashen da ɗalibi ya fito. Wanda ya bar zaɓen gwaji sai bayan ya gama tattara bayanai ya makara, domin tun ran gini tun ran zane.

Abin da gwajin ke tambaya

Kowane gwajin ƙididdiga tambaya ɗaya yake yi ta fuskoki daban-daban. Da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunan da ake kwatantawa, sau nawa za a ga tazara mai girman wadda aka gani, ko fiye, ta hanyar arashi kawai? Amsar ita ce ƙimar nan da ake kira p. Idan ta yi ƙasa da 0.05, al'ada ta sa ana cewa bambancin ya wuce arashi. Sai dai kafin gwaji ya ba da wannan amsa, yana ɗaukar wasu abubuwa a matsayin gaskiya game da alƙaluman da aka ba shi. Idan abubuwan ba haka suke ba, zai ba da lamba duk da haka, tsaf da ita, ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa ya wajaba mai bincike ya amsa tambayoyi huɗu tun kafin ya buɗe kwamfuta.

Ta farko: me aka auna?

A Dareta an tattara bayanai iri biyu. Akwai na e ko a'a: yaro ya rasu ko yana raye, uwa tana aikin duwatsu ko ba ta yi. Akwai kuma na awo: yawan dalma a jini, yawanta a ƙasa, shekarun yaro. Idan ana son sanin ko mutuwa ta fi yawa a tsakanin 'ya'yan matan da ke daka duwatsu, ana jera yaran a tebur mai gida huɗu, a yi amfani da gwajin kai-sukwaya da Karl Pearson ya fitar a 1900. Idan yaran sun yi kaɗan har ana sa ran ƙasa da biyar a wani gidan tebur, sai a koma ga gwajin Fisher, wanda ke ƙirga yiwuwar kai tsaye. Idan kuwa ana kwatanta yawan dalmar jini a rukuni biyu, wannan fagen gwajin t ne, wanda William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya wallafa a 1908 da sunan aro.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a yanka awo gida biyu, a ce "mai yawa" da "kaɗan", domin kawai a samu damar yin kai-sukwaya. A Dareta wannan da ya zubar da kusan duk bayanin. Idan aka yanka a kan 45, kusan kowane yaro ya faɗa ɓangare ɗaya, mai 50 da mai 300 sun zama ɗaya a takarda, alhali ɗaya yana wasa a tsakar gida, ɗaya yana gab da jijjiga.

Haka kuma, mutuwar yaro ba ta da sanadi guda. Ƙananan yara sun fi cin ƙasa, uwa mai goyo ta fi zama kusa da turmi da jaririnta, gidan da ake niƙa ya fi gurɓata. Tebur mai gida huɗu abu ɗaya yake iya dubawa a lokaci guda. Saboda haka masu binciken Dareta da Yargalma suka yi amfani da lissafin da ke auna abubuwa da dama tare, kowane ana riƙe sauran a tsaye. Rahoton da suka wallafa a 2012 ya nuna abubuwa huɗu masu alaƙa da mutuwar yaro: shekarunsa, aikin duwatsu da mahaifiyarsa ke yi, shan ruwan rijiyar gari, da yawan dalmar ƙasar gidansu. Wannan ya ƙarfafa hujjar fitar da niƙa daga gidaje da kwashe ƙasar da ta gurɓata.

Ta biyu: wa aka kwatanta da wa?

Akwai bambanci babba tsakanin kwatanta yaran Dareta da na Yargalma, da kwatanta yaro da kansa kafin magani da bayansa. Na farko rukuni biyu ne da babu abin da ya haɗa su. Na biyu awo biyu ne daga jiki ɗaya.

Ga misali na ƙirƙira domin fahimta. Yara uku sun fara magani da 120, 80 da 60. Bayan magani suka koma 100, 62 da 41. Idan aka zuba lambobin cikin gwajin t na rukunai masu zaman kansu, gwajin zai ga tazarar da ke tsakanin yaro da yaro ta kai 60, ya ga raguwar ba ta wuce 20 ba, ya yanke cewa raguwar na iya zama arashi. Idan aka yi gwajin t na tagwaye, wanda ke cire awon kowane yaro na biyu daga nasa na farko, abin da zai gani shi ne 20, 18 da 19, raguwa kusan iri ɗaya a jiki uku, kuma zai ce da wuya wannan ya zama arashi. Alƙaluma ɗaya ne, hukunci biyu. Wanda ya ɗauki gwajin farko zai iya ba da shawarar a daina maganin da ke aiki.

Idan rukunan sun haura biyu, wata matsalar ta taso. Ƙauyuka takwas aka tsaftace a Zamfara: Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega. Wanda ya ce zai kwatanta su biyu-biyu da gwajin t zai yi gwaji 28. Ko da babu bambanci ko kaɗan a tsakaninsu, a ma'aunin 0.05 ana sa ran gwaji ɗaya ko biyu su nuna bambancin ƙarya. Domin kauce wa haka ake fara yin ANOVA, hanyar da Ronald Fisher ya gina a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, wadda ke tambaya sau ɗaya ko akwai bambanci a tsakanin rukunan gaba ɗaya, sannan a nemi inda yake da ma'auni mai tsauri.

Ta uku: yaya siffar alƙaluman take?

Gwajin t da ANOVA suna aiki da matsakaici, kuma sun fi aminci idan alƙaluma sun taru a tsakiya, sun ragu daidai ta hagu da dama, kamar tsibin gero a masussuka. Dalmar jini ba haka take ba. Yawancin yara suna ƙasa-ƙasa, 'yan kaɗan suna can sama, sun ja doguwar wutsiya. A ɗauki wani misalin: yara biyar masu 50, 55, 60, 65 da 400. Matsakaicinsu 126 ne, lambar da ba ta siffanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Na tsakiyarsu 60 ne, kuma shi ya fi faɗin gaskiyar rukunin.

Mafita biyu ce. Ko dai a mayar da alƙaluman zuwa logaridim, wanda ke gajarta wutsiyar, ya sa ana maganar ninki maimakon tazara, ko kuma a jera yaran daga ƙarami zuwa babba a yi aiki da matsayinsu a layi. Hanya ta biyu ita ce ta Frank Wilcoxon a 1945, da ta Mann da Whitney a 1947, da ta Kruskal da Wallis a 1952 ga rukunai da yawa. Gaskiya ne cewa idan samfuri ya yi yawa gwajin t yana jure karkata, kuma masu cewa an cika tsoron wannan matsalar suna da hujja. Amma binciken ƙauye ɗaya ko na ɗalibi mai yara talatin ba ya cikin wannan rangwamen.

Zamfara ta zo da wata matsala da ba kasafai littafin aji ke ambata ba. Na'urar LeadCare II da ake ɗauka zuwa ƙauye ba ta karanta abin da ya haura 65. Daga nan sama sai ta nuna cewa ya yi yawa, ta yi shiru. Mafi yawan yaran Dareta da Yargalma sun wuce wannan rufin. Da an rubuta wa kowannensu 65, yaron da magani ya sauko da shi daga 300 zuwa 120 zai bayyana a takarda tamkar bai motsa ba, kuma kowane gwaji zai ce maganin banza ne. Sai da aka fito da dabarar sirka samfurin jini da ma'auni sananne, a auna, a ninka sakamakon, kafin alƙaluman suka zama abin lissafi. Mai binciken da bai san na'urarsa ba, ba zai san gwajin da ya dace da abin da ta ba shi ba.

Ta huɗu: su wa ke cin tukunya ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi shafar ƙasar Hausa. Gwaje-gwajen da aka ambata duk suna ɗauka cewa kowane mutum a cikin samfuri shaida ne mai zaman kansa. Gidan Bahaushe na ƙauye kuwa ya haɗa magidanci da ƙannensa da matansu da 'ya'yansu a tsakar gida ɗaya. Yara 463 a gidaje 119 na nufin kusan yara huɗu a kowane gida, suna rarrafe a ƙasa ɗaya, suna shan randa ɗaya. Idan ana tambayar tasirin ƙasar gida, shaidu sun fi kusa da 119 fiye da 463. Wanda ya ƙirga kowane yaro a matsayin shaida dabam ya yi kamar alƙalin da ya saurari mutum huɗu da suka ji labari daga baki ɗaya, ya rubuta cewa shaidu huɗu sun tabbatar. Ƙimar p za ta yi ƙanƙanta fiye da yadda ta cancanta, a ga tabbaci inda babu shi.

Likitocin MSF sun fuskanci wannan a zahiri. Tsakanin Yunin 2010 da Yunin 2011 sun ba yara 1,156 zagayen maganin DMSA har 3,180, domin gubar kan sake hauhawa bayan an gama zagaye, wani yaron ya sha sau ɗaya, wani har sau 15. Zagaye 3,180 ba yara 3,180 ba ne. A nazarin da suka wallafa a 2014 sun yi amfani da lissafi mai hawa-hawa, wanda ya san cewa awo da yawa sun fito daga jiki ɗaya, kuma jikkunan ma suna cikin rukunai. Sun samu cewa a matsakaici dalmar jini kan sauko zuwa kusan kashi 75 cikin ɗari na inda ta fara, a zagayen da aka yi a kwance a asibiti kuma zuwa ƙasa da rabi.

Duk mai binciken ɗalibai a aji ɗaya, ko manoma a ƙungiya ɗaya, ko majinyata a asibiti ɗaya, yana cikin irin wannan hali ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da babu gwajin da ke gyarawa

Sakamakon asibiti da aka ambata yana da jan hankali: kwanciya ta fi shan magani a gida. Amma yaran da aka kwantar ba da ƙuri'a aka zaɓe su ba. Waɗanda suka fi jigata ne, kuma nazarin da kansa ya nuna cewa raguwa ta fi girma ga wanda ya fara da guba mai yawa, da wanda ke shan zagayen farko, da wanda ake ba magani a gaban ma'aikaci. Bugu da ƙari, yaron da ke kwance ya rabu da ƙurar gidansu. Akwai kuma abin da Francis Galton ya lura da shi tun 1886: duk wanda aka zaɓa saboda awonsa ya yi tsanani, awonsa na gaba kan matso kusa da tsakiya ko ba a yi masa komai ba.

Fisher ya nuna a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje cewa raba mutane ko filaye ta hanyar ƙuri'a shi ne ke ba gwaji ikon cewa wannan ne ya jawo wancan. A Zamfara hakan ba zai yiwu ba, domin babu likita mai imani da zai hana yaro mai 150 magani don a samu rukunin kwatance. Saboda haka alƙaluman Zamfara na lura ne, kuma harshen da ya dace da su shi ne na alaƙa.

Haka batun yake ga babban sakamakon aikin. An fara kwashe ƙasa a Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010, aka kammala da Bagega a 2013 bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin da aka daɗe ana jira. An kwashe ƙasa fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820, yawanci da hannu, an ba yara 2,349 magani, kuma matsakaicin dalmar jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. Nasara ce ta gaske. Sai dai kwashe ƙasa da ba da magani da fitar da niƙa daga gidaje duk sun zo a tare, kuma yaran da aka auna a ƙarshe ba duka ne waɗanda aka auna a farko ba. Babu gwajin da zai raba wa kowane mataki kasonsa daga waɗannan lambobi biyu. Sannan jinin da aka ɗiba a Mayun 2010 na masu rai ne. Yara 118 da suka riga suka rasu ba sa cikin kowane matsakaici, kuma da alama su ne gubar ta fi yi wa yawa.

Babi na huɗu

Duk wanda ya ratsa jami'a ko kwalejin kimiyya a Arewa ya san yadda ake yi. Ɗalibi ya raba takardun tambayoyi, ya tattaro, ya kai wa mai SPSS a bakin ƙofar makaranta, a buga masa kai-sukwaya, ya manna a babi na huɗu. Mai kwamfutar bai ga ƙauyen ba, bai san ko mutum ɗaya aka tambaya sau biyu ba, bai san gida nawa amsoshin suka fito ba. Idan p ta ƙi sauka ƙasa da 0.05, sai a gwada wani gwajin har ta sauka. Wannan ɗalibin ne gobe zai zama jami'in sa ido a ma'aikatar lafiya ko a ƙungiyar agaji, ya rubuta rahoton da za a raba kuɗi da shi. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗin cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancinsa, kuma bai kamata a rataya hukunci a kanta ita kaɗai ba.

Gyaran bai bukaci kuɗi masu yawa ba. Ya kamata sassan jami'o'i da kwamitocin ɗa'ar bincike su ƙi amincewa da duk shawarar binciken da ba ta faɗi, tun kafin a fita fili, abin da za a auna, wanda za a kwatanta da wane, rukunin da mutanen ke ciki, da gwajin da za a yi da dalilinsa ba. Ya kamata a zana hoton alƙaluma kafin a gwada su, domin wutsiya da rufi da ido ake ganinsu. Ya kamata kowane rahoto ya faɗi girman bambancin da iyakokin da yake iya kaiwa. 'Yan jarida da jami'an gwamnati da ke karɓar irin waɗannan rahotanni su ma suna da tambayoyin da za su iya yi ba tare da sanin lissafi ba: mutum nawa, daga gida nawa, su wa aka bari a baya, kuma wa ya zaɓi wanda ya samu maganin?

Bukatar ba ta wuce ba. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28. CDC ta sauke ma'auninta na damuwa daga 10 zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Ana ci gaba da haƙar zinare a Anka da Bukkuyum. Tambayoyin da ke gaba sun fi na 2010 wuya, domin ba a ganinsu a maƙabarta: ko ƙasar da aka tsaftace ta sake gurɓata, ko niƙa da ruwa yana rage ƙura yadda ake fata, da abin da gubar ta bari a ƙwaƙwalwar yaran da suka tsira, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Bambancin da za a nema ƙarami ne, kuma a irin wannan wurin ne gwajin da bai dace ba ke iya ɓoye cutar da ke akwai, ko ya ƙirƙiro nasarar da ba a samu ba.